'Yar Makwabta a Ƙofar Shagon Zailani

Abin da ya fara ɓata wa Sakinatu rai shi ne kyan da aka yi wa hotunan. An jera su a bangon ɗakin taro na unguwar Edmonton da ke London, kowanne cikin baƙin firam, da 'yar fitila tana haska shi daga sama kamar kayan gwal. Layin da ta sani da warin busasshen kifi da hayaƙin bas, layin da ruwa ke kwanciya a bakin kwatarsa duk lokacin sanyi, yau ga mutane na zagaya shi da kofin shayi a hannu suna gyaɗa kai suna cewa "lovely". Bara waccan aka rushe shi kaf. Kamfanin da ya gina dogayen gidajen bene a wurin ne ya ba wata ƙungiyar unguwa aikin tattaro tsofaffin hotuna daga hannun mutane, za a zaɓi wasu a buga a jikin tayil, a manna a bangon sabon ginin inda duk mai wucewa zai gani.

Daga asibiti ta zo kai tsaye, kayan aikin jinya na ƙarƙashin rigar sanyinta, ƙafafunta na zugi. Ƙanenta Suhaib ne ya turo mata saƙo cewa hoton shagonsu na cikin waɗanda aka zaɓa, ta ce bari ta ɗan leƙa kafin ta wuce gida.

Ta bi bangon a hankali. Ga gidan burodin Baba Hasan ɗan Turkiyya, wanda ke ɓoye mata mai zafi a ƙarƙashin kanta in ta makara. Ga shagon faya-fayan ɗan Jamaika, da kiɗansa ke sa kwalaben manja rawa a kan kantarsu. Ga shagon kitson Anti Amamata 'yar Kumasi, ita kanta tsaye a ƙofa da mataji soke a gashi, har Sakinatu ta ji muryarta a kunne: "Sakina, zo nan, kai yaro mai hankali, kawo mini gari." Ga ofishin motocin haya na minicab mai koriyar ƙofa. Nan ta ɗan dakata. A bakin wannan ƙofa Abdul-Ganiyu ya tsaya mata wata ranar Lahadi, da aikin da ya samu a Manchester da maganar aure a bakinsa, ita kuma ta ce masa Baba na kwance, wa zai buɗe shago? Ya jira iya jiransa ya tafi. A hoton babu shi, ƙofar ce kawai, amma sai da ta kau da kai.

Sai ga nasu.

Allon shagon na nan, ja a kan rawaya, ZAILANI AFRICAN FOODS, yadda Baba ya zana da hannunsa. Baba na tsaye a gefe da hularsa, yana murmushin nan nasa na wanda bai yarda da kyamara ba. Inna na zaune a kujerar roba, Suhaib a cinyarta, ɗaya ƙanen Sakinatu, Zulkiflu, jingine da kafaɗarta. A tsakiyar ƙofa kuwa, wata yarinya ce doguwa siririya cikin suwaitar makaranta, ta ɗaga hannu biyu ta tokare ƙofar ƙarfen nan da ake turawa sama. Ƙofar ba ta taɓa tsayawa da kanta ba, in ba a riƙe ta ba sai ta sauko a kan mutum. Don a ɗauki hoton aka ce ta riƙe.

Sakinatu ta yi murmushi, sannan ta sunkuya ta karanta rubutun da ke ƙasa. Da Turanci yake, gajere: Alhaji Zailani da matarsa Nana Khadija, da 'ya'yansu Suhaib da Zulkiflu, tare da wata yarinyar makwabta.

Ta sake karantawa. Ta ɗago ta waiwaya.

"Wa ya rubuta wannan?"

Da ƙarfi ta faɗa, har wani dattijo Bature ya juyo da kofinsa. Wata budurwa mai tabarau ta taho da sauri, da sunanta maƙale a ƙirji, Damaris Dalyop. Jin Hausa ya sa fuskarta ta washe.

"Sannu Anti! Ni ce. Iyayena 'yan Jos ne, amma ni a nan aka haife ni, ki yi haƙuri da Hausata. Kin san family ɗin?"

"Na san su." Sakinatu ta ɗora yatsa a kan gilashin, daidai ƙirjin yarinyar. "Wannan wace ce?"

"Oh, ba mu samu sunanta ba. Mama Nana ta ce..."

"Ni ce. Ni ce babbar 'yarsu. Ni ke buɗe shagon nan kafin in tafi makaranta, ni ke rufe shi. Ni na yi jinyar mutumin nan mai hula har ya cika a hannuna. Yarinyar makwabta! Wane makwabcin? Nuna mini gidansa a bangon nan in koma can."

Damaris ta yi tsuru-tsuru. Ta ce wallahi ba ita ta ƙirƙira ba, ta laluba wayarta ta nemo hirar da ta ɗauka ranar da Suhaib ya rako Inna ta kawo hoton. Ta kanga wayar a kunnen Sakinatu.

Muryar Inna ce, a natse, da ɗan tarin nan nata. Ta faɗi sunan Suhaib, ta faɗi na Zulkiflu, har da labarin yadda ya haɗiye kwabo yana ƙarami. Sunan maigida ba ta faɗa ba, ta ce yana jikin allo a karanta. Sai muryar Damaris: "Wannan yarinyar fa, Mama?" Aka yi shiru. "Wannan? Wata yarinya ce." "Ta makwabta?" Sai Inna ta ce, "Mm."

Sakinatu ta ture wayar.

Ta san abin da ya faru, kuma sanin ne ya fi ƙona ta. Ita 'yar fari ce. A gidan su Inna a Katsina, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce nawa ne, ba ta yaba shi. Kunya ce, haka aka tashi aka gani. Tun tana ƙarama ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba, sai dai "ke", sai "waccan". Ta saba, har takan yi wa ƙawayenta dariyar abin. Amma ba ta taɓa zaton wata rana za a buga shi a tayil ba.

"Ki gyara," ta ce.

"Anti, I would, wallahi. Amma committee sun sa doka, saboda an yi rigima a kan wani hoto, family biyu har da lauya. Wanda ya kawo hoto shi kaɗai zai canza rubutu, kuma sai na yi recording. Ƙarshen satin nan za a tura wa masu buga tayil. In Mama ta faɗa da bakinta, shi ke nan."

"Da bakinta," in ji Sakinatu, ta yi wata dariya marar daɗi.

A cikin bas ta kira Suhaib. Ya ɗauka yana tauna wani abu.

"Kana ina lokacin da ake tambayarta?"

"Na fita, ina duba parking. Yaya, it's not that deep. Everyone knows it's you."

"Everyone wa? Baba Hasan ya mutu. Anti Amamata ta koma Kumasi ta mutu. Wa ya rage? Kai da ko sunan kuka da kuɓewa ba ka iya bambancewa, sunanka na bango. Zulkiflu da ya shekara bai leƙo ta ba, sunansa na bango, har da tarihin kwabonsa."

"You know how she is."

"Na sani, ai ni ke zaune da ita." Ta kashe wayar. Matar da ke kusa da ita ta ɗan matsa, Sakinatu ko a jikinta.

Ta tarar da Inna a falo, zaune a kan darduma ta miƙe ƙafa, tana tsinke busasshen zogalen da aka aiko daga gida cikin faranti. Flat ɗin council ne, gidan hayar hukuma, hawa na shida, su biyu kaɗai tun rasuwar Baba. Ta tagar falon ana hango sabon ginin, fari tas, a tsaye inda layinsu yake a da.

"Ke, kin dawo? Ba ki yi sallama ba."

"Salamu alaikum. Inna, na je na ga hoton."

Hannun tsohuwa bai tsaya ba. "Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau ƙwarai. Har da 'yar makwabta."

Inna ta karkaɗe faranti, ta tara ganyen gefe guda. Ba ta ɗago ba.

"Inna, magana nake."

"Ina ji. Kunne na gare ni."

"Me ya sa kika ce mata haka?"

"Me kike so in ce? Yarinya ƙarama, baƙuwa, ta kafa mini waya a baki. In buɗe baki in ce ga tawa, ga ta fari? Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan Yaya Babba ba. Ranar da ya dawo daga Makka gari ya cika da murna, ita ta shige ɗaka ta juya baya. Akwai wanda ya ce ba ta sonsa?"

"A Katsina ke nan, Inna! A Katsina in kin yi shiru, unguwa duk ta san amsar. Mai kitso ta sani, mai nama ya sani, almuru in ta yi kowa ya san gidan da yaro zai shiga. Shirunki ba ya rage komai. Ko a layin nan haka ne, in kin ce waccan, Anti Amamata ta san wa kike nufi, ta kira sunana a madadinki. To ina layin yake? Leƙa taga ki nuna mini. Sun kwashe shi a mota! Babu wanda ya rage da zai faɗa a madadinki. Abin da kika ce shi za a rubuta, shi jikokinki za su karanta."

"Rage murya. Makwabta na ji."

"Su ji! Ai iyayena ne."

Nan Inna ta ɗago. Idanunta sun kaɗa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Ni kike faɗa wa haka?"

Sakinatu ta ji maganar ta yi nauyi, amma zuciyarta ta riga ta hau, ba ta sauka. Ta durƙusa a gaban tsohuwa, ba don ladabi ba, don su haɗa ido.

"Ban taɓa roƙonki komai ba. Lokacin da ake kiran iyaye a makaranta kika tura Baba, kika je na su Suhaib, ban ce komai ba. Ranar da na gama karatun jinya kika ce ƙafa na ciwo, alhali da daddare na ji kina waya Katsina kina cewa waccan ta gama, kina kuka. Na ji, Inna, bangon nan ba kauri gare shi ba. Na san kina sona, ba wannan nake tambaya ba. Amma abin da ake faɗa a ɓoye ba shi za a manna a bango ba. Ƙuruciyata gaba ɗaya a shagon nan ta ƙare. An rushe shi, ba a tambaye ni ba. Hoto ɗaya ya rage, shi ma a ce ba na ciki?"

"Kina ciki mana. Ga ki nan tsaye."

"A matsayin wa?"

Inna ta ja farantinta ta ci gaba da tsinke ganye. Sakinatu ta miƙe. Ta auna mata sukari, ta yi mata allura, ta ɗora tuwo. Kafin ta zauna cin abinci ta tura wa Damaris adireshi, ta ce ta zo gobe bayan azahar.

Damaris ta zo da ledar lemo da fuskar wadda ta gwammace tana wani wurin. Inna kuwa ta karɓe ta kamar 'yar da ta daɗe ba ta gani ba. Ta sa aka dama mata kunun gyaɗa, ta tambayi iyayenta ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ko har yanzu ana sanyin nan a Jos, ta ce ta taɓa zuwa biki can tana amarya. Ta ɗauko labarin shago: yadda suke sayo doya daga kasuwar dare su jera kafin gari ya waye, yadda 'yan Arewa na London ke taruwa ranar Asabar a bayan kanta ana sauraron kaset ɗin gida, ɗalibai da likitoci kowa zaune a kan buhun shinkafa, yadda Turawan layin suka fara da toshe hanci suka ƙare da tambayar yaji. Ta yi ta zuba, ta bi layin shago bayan shago, kamar in ta yi nisa da labari za a manta abin da aka zo yi.

Sakinatu na tsaye jingine da ƙofar kicin, ta harɗe hannu.

"Damaris, kunna abin," ta ce.

Damaris ta ajiye wayar a kan tebur, ta fito da kwafin hoton ta miƙa wa tsohuwa da hannu biyu. "Mama, ki yi haƙuri. Wannan yarinyar da ke riƙe da ƙofa, wace ce?"

Inna ta riƙe hoton nesa da fuskarta. Ta daɗe tana kallo.

"Ƙofar nan," ta ce, "ta sha ba mu wahala. Sau nawa aka kira mai gyara..."

"Inna."

"Ki bar ni in yi magana da baƙuwata."

"Ba ƙofa aka tambaye ki ba."

Damaris ta kai hannu za ta kashe wayar. "Anti, maybe wata rana..."

"Bar shi a kunne! Babu wata rana." Sakinatu ta tako tsakiyar falon. "Inna, in ba za ki faɗa ba, ki ce mata ta cire hoton gaba ɗaya. A cire Baba, a cire allon, a cire 'ya'yanki biyu. Shagon Zailani ya ɓace kamar yadda layin ya ɓace. Amma wallahi ba zan riƙa wucewa ta gaban bangon nan kullum in tafi aiki, ina ganin kaina a tsaye ba uwa ba uba ba. Zaɓi ɗaya."

Inna ta kalli fuskar mijinta a hoton. Ta shafa hular da babban yatsa. Sannan ta ajiye hoton a kife a kan cinyarta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya ta fuskanci bango.

"Tawa ce," ta ce wa bangon. Da ƙyar aka ji. "Ni na haife ta. Ita ce ta fari."

Damaris ta matso da wayar. "Na gode, Mama. Sunanta fa?"

"Ga ta nan a tsaye, tana da baki."

Tsohuwa ta dafa kujera ta miƙe. Sakinatu ta kai hannu za ta tallafe ta kamar kullum, ta janye hannunta. A bakin ƙofar ɗakinta ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Kin samu abin da kike so. Na tsufa, kin tsiraita ni a gaban 'yar mutane."

Ta shiga ta rufo ƙofa.

Damaris na zaune da kofin kunu a hannu, idonta ya ciko. "Anti, I'm so sorry. Wannan ya isa, committee za su karɓa. In sa sunan?"

Sakinatu ta kalli ƙofar da aka rufe. Ta zaci in ta ji kalmar nan wani abu zai sauka daga ƙirjinta. Ta ji ta, tana nan cikin wayar, ba mai iya goge ta, amma ƙirjin na nan da nauyinsa, haushin ma bai tafi ba, sai dai yanzu ta rasa wanda za ta ɗora wa: tsohuwar da ke bayan ƙofa, ko masu farin ginin da ke cika taga, ko ita kanta da ta iya yin abin da ta yi.

"Sa," ta ce. "Sakinatu Zailani. Babbar 'yarsu. Kawo in rubuta miki, kada a ɓata."

Ta rubuta da hannunta, ta danna biro har ya kusa huda takardar. Ta raka Damaris bakin lif, ta dawo. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna ta murɗa hannun ƙofar a hankali, ta ji an sa sakata. Tun da suka tare a gidan nan ba a taɓa sa ta ba.

"Inna," ta ce, "lokacin maganinki ya yi."

Ba a amsa ba. Ta je ta ɗauko maganin da kofin ruwa, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar, tana jira.